Yadda Za Ka Rage Jiran Kwampaila Kafin Ka Kashe Kuɗi a Sabuwar Kwamfuta

Tambayar da masu koyon rubuta manhaja suka fi yi mini ita ce wace kwamfuta ya kamata su saya. Yawanci mai tambayar ya riga ya sha wahala. Ya sauko da kod ɗin wata babbar manhaja, ko kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ko LLVM, wato tarin kayan gina kwampaila, ko wani aikin C++ na wurin aikinsu, ya buga `make` bayan la'asar, aka yi magariba, aka yi isha, abu bai gama ba. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa na'urarsa ta tsufa. Wani lokacin gaskiyarsa ne. Amma sau da yawa na'urar tana da sauran ƙarfin da ba a taɓa ba, ko kuma abu ɗaya ne kacal ya shaƙe ta, wanda kuɗin gyaransa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabuwa ba. Shawarata kullum ɗaya ce: kada ka fitar da ko sisi sai ka auna ka ga inda lokacin yake tafiya.

Abin da ke faruwa idan ka buga make

A C da C++ ginin manhaja mataki uku ne. Da farko ana buɗe kowane fayil na kod, duk inda aka rubuta `#include` a kwafo abin da ke cikin fayil ɗin da aka ambata, wanda ake kira heda, a zuba a wurin. Sannan kwampaila ta karanta abin da ya fito, ta mayar da shi harshen na'ura, ta ajiye shi a fayil mai ƙarewa da `.o`. A ƙarshe linka ta tattara dukan fayilolin `.o` da laburarorin da ake bukata ta ɗinke su wuri ɗaya, su zama manhajar da za ka kunna.

Ka gwada wannan da hannunka, don gani ya kori ji. Rubuta fayil mai layi biyar, wanda ba ya komai sai `#include <iostream>` da buga gaisuwa a allo. Sai ka ce:

`g++ -E gwaji.cpp | wc -l`

Lambar da za ta fito dubun-dubatan layuka ce. Layi biyar ka rubuta, amma abin da kwampaila za ta karanta ke nan. Idan aikinka yana da fayil dubu kuma kowanne ya jawo wannan hedan, sau dubu za a sake karanta shi daga farko, domin kwampaila ba ta tuna abin da ta gani a fayil ɗin da ya gabata. Rob Pike ya ba da labari a wani jawabinsa na 2012 cewa a 2007 injiniyoyin Google sun auna wata babbar manhajarsu ta C++: fayiloli kusan 2,000, waɗanda idan aka haɗa su duka megabait 4.2 ne, amma bayan an zuba hedoji abin da ya shiga kwampaila ya haura gigabait 8. Kowane bait ɗaya ya zama kusan 2,000. Irin wannan jira yana cikin abin da ya sa shi da Ken Thompson da Robert Griesemer suka fara tsara harshen Go a 2007, suka sake shi a 2009, kuma suka tsara shi yadda ba a sake karanta abu ɗaya sau dubu.

Abin da za ka riƙe a nan shi ne mataki na biyu yana rabuwa: fayil ɗari, ana iya ba wa kawunan furosesa daban-daban, wato sassanta masu aiki kowanne da kansa, su yi a lokaci guda. Mataki na uku kuwa ba ya farawa sai kowa ya gama, kuma shi ne ya fi cin RAM.

Gini iri biyu ne, kuma na biyun ya fi muhimmanci

Akwai gini daga tushe, wanda ake yi ranar farko ko bayan an share komai. Akwai kuma gini bayan ƙaramin gyara: ka canja layi biyu, ka sake bugawa ka ga ko ya yi. Masu tallar furosesa na farkon suke aunawa, don shi ne yake fito da amfanin kawuna masu yawa. Amma kai a rayuwarka ta yau da kullum na biyun kake yi, sau da yawa a wuni. Idan ginin tushe yana cin awa uku, sai ka bar shi da dare ka kwanta. Idan kuwa kowane ƙaramin gyara yana cin minti huɗu, to hankalinka ya riga ya bar aikin kafin ya gama, ka ɗauki waya, ka manta abin da kake nema. Ni wannan na fi ji wa ciwo, kuma shi ne na fi ba wa ƙarfi idan ina gyara wa mutum na'ura.

A ginin ƙaramin gyara yawan kawuna ba ya taimakawa sosai. Fayil ɗaya ko biyu ake sake juyawa, sai linka. Abin da ke aiki a nan shi ne saurin kai ɗaya, saurin faifan ajiya, da irin linkar da kake amfani da ita.

Auna

Buɗe taga biyu. A ɗaya ka kunna `htop`, mai nuna yadda na'ura take aiki, a ɗayar ka buga `time make -j4` (`-j4` na nufin ayyuka huɗu a lokaci guda), ko duk abin da aikin yake amfani da shi. Sai ka zauna ka zuba ido a kan `htop` na wasu mintuna. A sama za ka ga sanduna, kowane zaren aiki na furosesa da tasa, a ƙasansu sandar `Mem`, wato RAM, da ta `Swp`, wato filin faifai da ake arowa idan RAM ta cika.

Idan dukan sandunan sama sun cika fal kuma `Mem` tana da sauran fili, furosesa ce iyakarka, ƙarin kawuna za su yi maka amfani. Idan sanda ɗaya ce ta cika sauran suna kwance, ko dai ba ka sa `-j` ba, ko kana matakin linka, ko kuma tsarin ginin ya jera ayyukan yadda dole ɗaya ya jira ɗaya. Idan sandunan suna tashi suna faɗuwa, ba su cika ba, kuma fitilar faifai tana ta ƙiftawa, faifan ne. Mafi muni shi ne na huɗu. Za ka ga `Mem` tana hawa a hankali har ta kai ƙarshe, sai `Swp` ta fara motsi. Daga nan linzamin kwamfuta ya fara tsalle-tsalle, ka danna taga ta ƙi buɗewa, fanka ma ta rage kuka saboda furosesa ta daina aiki tana jiran faifai. Bayan ɗan lokaci sai wannan ya bayyana:

`c++: fatal error: Killed signal terminated program cc1plus`

Mutane da yawa suna ganin wannan saƙon su ɗauka kod ɗinsu ne ya lalace, su shiga neman kuskuren da babu shi. RAM ce ta ƙare, kanel ya kashe aikin da ya fi cin wuri don ya ceci sauran. Ka tabbatar da `sudo dmesg | grep -i killed`.

Idan kana so ka san RAM nawa aiki ɗaya yake ci, sa `/usr/bin/time -v` a gaban umarnin, ka duba layin `Maximum resident set size`. Idan kuma kana so ka san wane fayil ne yake jan ƙafa, Clang tana da `-ftime-trace` tun fitowa ta 9 a 2019, wadda take nuna maka lokacin da kowane heda da kowane tamfilet ya ci. GCC tana da `-ftime-report`. Masu Rust su buga `cargo build --timings`, zai ba su shafi mai zanen wane kunshi ya jira wane.

Lambar da ke bayan -j

Stuart Feldman ya rubuta `make` a Bell Labs a 1976, kuma har yau GNU make aiki ɗaya take yi a lokaci guda idan ba ka ce mata komai ba. Saboda haka wanda yake da furosesa mai kai takwas ya buga `make` zalla, bakwai suna zaune. `nproc` zai gaya maka zaren aiki nawa kake da su, kuma abin da ake yawan koya wa mutane shi ne `make -j$(nproc)`.

Ga inda ake faɗawa rami. Kowane aiki da ka ƙara, kwampaila ce guda cikakkiya take tashi da nata cin RAM. Fayil ɗin C na kanel ba ya cin wani abin kirki. Fayil ɗin C++ mai tamfilet da yawa kuwa yana iya haɗiye gigabait ɗaya ko biyu shi kaɗai. Mutanen Gentoo, wani nau'in Linux, waɗanda suke gina kusan komai na kwamfutarsu daga kod, suna da ƙa'ida mai sauƙi: ware gigabait 2 ga kowane aiki, ka raba RAM ɗinka gida biyu, ka kwatanta da yawan zarenka, ka ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Mai zare 16 da RAM gigabait 8, lambarsa 4 ce, kuma idan burauza tana buɗe da shafuka ashirin, 3 ce. Kamar ka ɗauko magina goma sha shida ne ka sa su a ɗakin da mutum huɗu kawai za su iya juyawa, sai gwiwar wannan ta bugi ta wancan, bulo ya ƙi hawa.

Ninja, wata manhajar gini irin make wadda Evan Martin ya rubuta lokacin yana aikin Chrome, ta bambanta da make a nan: da kanta take ɗaukar dukan zarenka, har ta ƙara biyu a kai. A na'ura mai wadatar RAM wannan alheri ne. A mai ƙaramar RAM kai ne za ka rage mata da `ninja -j3`. Duk da haka ina ba kowa shawarar ya koma kanta idan aikin na CMake ne, wato manhajar da ke shirya fayilolin gini, da `cmake -G Ninja`, domin a babban aiki tana saurin gano abin da ya canja, kuma wannan kai tsaye yake rage jiran ƙaramin gyara.

Akwai kuma iyakar da Gene Amdahl ya bayyana tun 1967, wadda ya kamata mai shirin sayen furosesa ya lissafa da biro. A ce gininka minti 60 ne a kai ɗaya, minti 6 daga ciki ba sa rabuwa. Da kai 8 zai koma kusan minti 13. Da kai 16, minti 9 da ɗoriya. Da kai 64, kusan minti 7. Daga 1 zuwa 8 ka ci ribar minti 47, daga 8 zuwa 16 ba ka samu ko minti 4 ba, alhali kuɗin ya kusa ninkawa. Waɗannan mintuna 6 ɗin ba a sayen maganinsu a kasuwa, sai dai a gyara su a tsarin ginin.

Abubuwan da ba sa cin kuɗi

Na farko `ccache`. Andrew Tridgell, mutumin Samba da rsync, ya fitar da ita a 2002. Aikinta shi ne ta tsaya tsakaninka da kwampaila, ta ajiye sakamakon kowane fayil da aka juya. Idan aka sake kawo fayil iri ɗaya da saituna iri ɗaya, sai ta miƙo tsohon sakamakon nan take. Ginin farko ba zai yi sauri ba, zai ma ɗan ƙara nauyi kaɗan. Amfaninta yana fitowa ne ranar da ka koma wani reshe na git ka dawo, ko ka share komai ka sake. A CMake ka ƙara `-DCMAKE_CXX_COMPILER_LAUNCHER=ccache`, a kanel ka ce `make CC="ccache gcc"`. Girman rumbunta na asali gigabait 5 ne, wanda ya yi wa babban aiki kaɗan, sai ta riƙa zubar da tsoho kafin ka sake bukatarsa. Faɗaɗa shi da `ccache -M 30G` idan faifanka zai ɗauka, kuma ka riƙa duba `ccache -s` ka ga sau nawa take dacewa. Mozilla tana da irinta mai suna `sccache` wadda take aiki har da Rust.

Na biyu, canja linka. Wannan shi ne gyaran da ya fi saurin nuna kansa, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Linkar GNU ta asali, `ld`, tsohuwa ce mai haƙuri, amma mafi yawan aikinta a kai ɗaya take yi. `lld` ta aikin LLVM ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Rui Ueyama, wanda ya yi babban kaso na aikin `lld`, ya sake rubuta wata daga tushe mai suna `mold`, ya fitar da 1.0 a Disambar 2021, ya tsara ta yadda za ta yi amfani da dukan kawuna. Ka sa `-fuse-ld=lld` ko `-fuse-ld=mold` a saitunan linka. GCC ta san `mold` daga fitowa ta 12.1. Idan taka ta girmi haka, ko ba ka son taɓa fayilolin gini, `mold -run make` ya wadatar.

Na uku, bayanan neman kuskure, wato abin da `-g` yake ƙarawa. A babban aikin C++ waɗannan bayanan suna ninka girman kod ɗin kansa, kuma su ne suke sa linka ta cinye RAM. Idan ba za ka shiga `gdb`, manhajar neman kuskure, ka bi layi-layi ba, `-g1` ya ishe ka, zai ba ka sunan aiki da lambar layi idan manhaja ta faɗi. Idan kana bukatar cikakkun bayanan, `-gsplit-dwarf` zai ware su a fayiloli na gefe don kada linka ta ɗauke su a ka. Haka kuma `-O2` da LTO, saitunan da ke ƙara wa manhajar da aka gina sauri, ka bar su sai ranar da za ka fitar da manhaja ga jama'a. LTO musamman tana mayar da babban kaso na aikin kwampaila zuwa matakin linka, wato daidai wurin da ya fi ƙunci.

Na huɗu, kada ka gina abin da ba ka bukata. LLVM ta san furosesa iri-iri da yawa, kuma idan ba ka hana ta ba duka za ta gina. `-DLLVM_TARGETS_TO_BUILD=X86` ya rage kaya mai yawa. Ƙara `-DCMAKE_BUILD_TYPE=Release` idan amfani kawai za ka yi da ita, sannan `-DLLVM_PARALLEL_LINK_JOBS=1` idan RAM ɗinka ba ta da yawa: wannan zai bar kwampaila ta yi aiki da dukan kawuna amma linka ɗaya ce za ta tashi a lokaci guda, kuma yawanci a nan ne na'urori masu gigabait 16 suke mutuwa. Kanel ɗin Linux ya haura layi miliyan 30, mafi yawansu direbobin na'urorin da ba ka taɓa gani ba. `make localmodconfig` zai duba waɗanda na'urarka take amfani da su yanzu ya kashe sauran. Ka dai jona duk abin da kake amfani da shi kafin ka buga, filas da modem da sauransu, don kada direbansu ya fita. Masu Rust kuma, `cargo check` yana duba kuskure ba tare da ya fitar da manhaja ba, kuma shi ne ya kamata ya zama abin bugawarku na kowane lokaci.

Idan kod ɗin naka ne, kana da ikon da ya fi duk waɗannan: rage hedojin da ke jawo hedoji. Duk `#include` da ka sa a cikin heda, ka ɗora shi a kan kowane fayil da ya taɓa hedan. CMake tun 3.16 tana da `target_precompile_headers` don hedojin da ba sa canjawa, irin na laburaren harshe.

Faifai, da masu Windows

Babban aiki ƙananan fayiloli ne dubbai. Tsohon faifai mai juyawa dole allurarsa ta yi tafiya zuwa inda kowane fayil yake, kuma kowace tafiya tana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. SSD ba ta da allura. Saboda haka tashi daga faifai mai juyawa zuwa kowace irin SSD babban canji ne da za ka ji a jikinka tun daga kunna na'ura. Tashi daga SSD ta SATA, mai kusan megabait 550 a daƙiƙa, zuwa NVMe mai 3,500 ko fiye, a takarda ninki shida ne, amma a ginin manhaja bambancin ɗan kaɗan ne, domin idan RAM ta wadata tsarin yana riƙe fayilolin a cikinta bayan karatun farko.

Idan a kan WSL2 kake aiki, wato Linux da ke gudana a cikin Windows, kada ka ajiye kod a ƙarƙashin `/mnt/c`. Duk fayil da Linux za ta taɓa a can sai ya ratsa gada zuwa Windows, kuma a fayil dubbai wannan gadar tana cinye lokaci mai yawa. Mayar da aikin cikin gidanka na Linux, `~/`. Ka kuma sani WSL2 rabin RAM ɗin na'ura take ɗauka idan ba ka canja a fayil ɗin `.wslconfig` ba, don haka mai gigabait 16, da 8 yake gini bai sani ba. Manhajar kariya daga bairos ma tana duba kowane fayil `.o` da aka rubuta. Cire jakar gini kaɗai daga binciken, ka bar sauran na'urar a tsare.

Zafi da wuta

Furosesa tana rage gudunta da kanta idan ta yi zafi, na Intel yawanci a wajen digiri 100, na AMD da yawa a wajen 95. Gini shi ne aikin da ya fi dafa ta, domin dukan kawuna suna aiki ba hutu na tsawon lokaci. Mu da muke aiki a ɗakin da zafinsa yake kusantar digiri 40 a watan Afrilu, na'urarmu ta fara tseren ne a baya. Sa `lm-sensors`, ka buga `watch sensors` lokacin gini. Idan zafi ya manne a sama kuma gudun furosesa ya sauka bayan minti biyu ko uku, ka gano ɓarawon.

Kwance murfin ƙasan laftof ɗin ka duba tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska take bi ta fita. Bayan hunturu ɗaya za ka tarar da ƙura ta dunƙule a wurin ta yi kauri, launin toka, tana ɓantarowa a dunƙule idan ka ja ta da ɗan tsinke. Riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da burushi mai laushi. Idan na'urar ta hannu ce kuma ta yi shekaru, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe, a goge a sa sabo. Ka ɗaga bayanta daga tebur, kada ka gina komai tana kan katifa ko darduma.

Laftof da yawa suna rage ƙarfi idan an cire caja, saboda haka awo a kan batir ba awo ba ne. Idan kuma aka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu a tsakiyar gini, ba sai ka fara daga farko ba, make za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sai dai fayilolin da ake cikin rubutawa lokacin suna iya zama fanko ko rabi, kuma make za ta ɗauke su a matsayin gamammu saboda lokacinsu sabo ne. Idan linka ta fara kawo ƙorafin da ba ka gane ba bayan ɗaukewar wuta, buga `find . -name '*.o' -size 0 -delete`, ka goge waɗanda aka rubuta a mintunan ƙarshe, ka sake.

To idan sayen ya zama dole

Jerin da nake bi shi ne SSD idan babu, sannan RAM, sannan furosesa. Katin zane mai tsada ba ya ƙara wa kwampaila komai, kada mai shago ya ja ka da shi sai idan aikinka na wasanni ne ko horar da ƙirƙirarriyar basira.

A RAM, gigabait 8 ya isa koyo da ƙananan ayyuka. 16 shi ne mafi ƙarancin da zan yarda mutum ya shiga babban aikin C++ ko Android Studio da shi. 32 ne inda mutum yake samun natsuwa. Kafin ka sayi laftof ka tambaya ko RAM ɗinta a manne take da allo, domin na zamani da yawa haka suke, har da dukan Mac masu furosesar Apple tun M1 ta 2020: abin da ka saya da shi za ka zauna. `sudo dmidecode -t memory` zai nuna maka ramuka nawa ne da iyakar abin da za su ɗauka. Sandunan RAM biyu masu girma ɗaya sun fi sanda ɗaya babba sauri.

A furosesa, kada sunan i7 ya ruɗe ka, musamman a kasuwar na hannu. i7-7500U kai biyu gare ta. i5-8250U, wadda ta fito a 2017, kai huɗu gare ta da zare takwas, kuma a gini ta wuce waccan. Ka karanta lambar gaba ɗaya, har harafin ƙarshe. Masu U an yi su ne don ajiye batir, kusan wat 15. Masu H kusan wat 45 suke ja, sun fi jure dogon aiki, irin su Ryzen 7 4800H mai kai takwas. Idan ba yawo kake yi da na'ura ba, kwamfutar tebur ta fi arha a kan kowane kai kuma ta fi sanyi, amma ka lissafa wutar da inbatarka za ta iya ɗauka: Ryzen 5 5600 mai kai shida wat 65 aka rubuta mata, Ryzen 9 7950X mai kai 16 kuwa 170. SSD ta hannu kuma, duba ta da `sudo smartctl -a` kafin ka biya, a NVMe ka nemi layin `Percentage Used`.

Akwai ayyukan da gaskiya sun fi ƙarfin laftof ɗin yawancinmu. Takardun Chromium, tushen burauzar Chrome, sun ce aƙalla RAM gigabait 8, sun ƙarfafa a haura 16, da fili gigabait 100 a faifai. Ana iya lallaɓa shi da `is_component_build = true` da `symbol_level = 0`, da `fetch --no-history chromium` don rage data. Android ta fi tsanani: Google ta rubuta RAM gigabait 64 da fili gigabait 400, 250 na kod, 150 na gini. Ta ce a na'urarta mai kai 72 cikakken gini kusan minti 40 yake ci, a mai kai 6 kuma kusan awa 6. Kuma Linux ake bukata, sun daina tallafa wa gini a macOS tun 2021.

Ga irin wannan, idan ba shi ne aikinka na kullum ba, haya ta fi saye. Ka ɗauki babbar na'ura a wurin masu hayar saba, irin su AWS ko Google Cloud ko Hetzner, ana biya a kan awa. Wani amfanin da ya shafe mu kai tsaye shi ne data: waɗancan ɗaruruwan gigabait ɗin a layinsu za su sauka, kai rubutu kawai kake aikawa ta SSH, sai sakamakon ƙarshe da za ka jawo. Ka kunna ginin a cikin `tmux` don ya ci gaba ko da layinka ya yanke, in ka dawo ka buga `tmux attach` ka tarar da shi. Zaɓi na'ura da ƙa'idar nan ta gigabait 2 ga kowane zare ko fiye. Idan ka gama, kwafe abin da kake so, ka kashe na'urar, sannan ka shiga shafin lissafi ka duba faifan da aka haɗa mata, domin shi ana ci gaba da cajinsa da dala ko Yuro ko da na'urar tana kashe, har sai ka goge shi.